Raba Ƙafa a Bangaskiya: Haɗarinsa ga Mai Bi, da Batun Aure da Marar Bi

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na fastoci, masu bishara da shugabannin zumunta

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci ɗabi'ar raba ƙafa a rayuwar Kirista, wato riƙe Almasihu da hannu ɗaya, a riƙe abin da ya hana da ɗaya hannun. Ta bi lamarin ta Littafi Mai Tsarki, ta tarihin ikkilisiyar farko a Arewacin Afirka, da kuma halin da masu bi suke ciki a Arewacin Najeriya. Ta fi tsayawa a kan aure da marar bi, domin a nan ne illar ta fi daɗewa, ta kuma fi shafar 'ya'ya. Maƙalar ta bambance zaman lafiya da maƙwabci, wanda wajibi ne, da shiga karkiya ɗaya da shi, wanda aka hana. Daga ƙarshe ta nuna kason ikkilisiya a cikin laifin, ta kawo shawarwari.

1.0 Gabatarwa



Ikkilisiyar Arewa ta san tsanani, ta kuma san 'ya'yanta da suka tsaya a gabansa. A ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka sace 'yan mata 110 daga makarantarsu a Dapchi ta Jihar Yobe. Da aka dawo da yawancinsu bayan wata guda, aka riƙe Leah Sharibu domin ta ƙi musun bangaskiyarta. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi na ikkilisiyar EYN, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, bayan ya yi magana daga hannun waɗanda suka sace shi da natsuwar wanda ya riga ya miƙa ransa ga Allah. Muna tuna su a wa'azi, muna koya wa yara sunayensu, kuma ya kamata.

Akwai wata asarar da ba a yi mata taron tunawa. Duk faston da ya daɗe a aiki, in ya buɗe tsohon littafin baftisma, zai ga sunayen mutanen da ba su mutu ba, ba su ƙaura ba, ba wanda ya sa musu bindiga, amma yau ba sa cikin garke. Yarinyar da take jan waƙa a ƙungiyar mawaƙa, saurayin da yake koyarwa a makarantar Lahadi, sun sulale sannu a hankali har aka daina tambayarsu. Wannan asara ce maƙalar take magana a kai. Abin da nake so in kafa shi ne, raba ƙafa yana ci wa ikkilisiya mutane a lokacin da ba ta tsaro, kuma babbar ƙofarsa ita ce aure.

2.0 Ma'anar Raba Ƙafa

Bahaushe na cewa mutum ya raba ƙafa idan ya ƙi tsayawa a wuri guda, ya ajiye ƙafa ɗaya nan ɗaya can, don duk inda ta faɗi sha ne. Hoton da ya fi fito da wannan a Littafi Mai Tsarki yana cikin 1 Sarakuna sura 18, inda annabi Iliya ya tara Isra'ila a Dutsen Karmel ya buƙaci su zaɓa tsakanin Ubangiji da Ba'al. Abin lura shi ne mutanen ba su taɓa cewa sun bar Ubangiji ba. Ƙara Ba'al suka yi a kansa. A wurin Kan'aniyawa Ba'al shi ne mai hadari da ruwan sama, don haka manomin Isra'ila ya ga dabara ce ya bar wa Ubangiji ranar Asabar, ya bar wa Ba'al gona. Da Iliya ya tambaye su, ba wanda ya iya buɗe baki. Mai raba ƙafa ba ya iya kare matsayinsa da magana, domin bai taɓa zama ya yanke shawara ba. Tsintar kansa ya yi a ciki.

Dole a nan mu yi hattara, kada a fahimci maƙalar a baibai. Zaman lafiya da wanda ba addininku ɗaya ba, ba raba ƙafa ba ne. Irmiya ya umarci Yahudawan da aka kai bauta su nemi alherin Babila su yi mata addu'a (Irmiya 29:7). Daniyel ya yi aikin gwamnati a ƙarƙashin sarakunan da ba su san Allahnsa ba, ya kuma yi shi da aminci, sai dai ya ja layi a kan abincin sarki da kan addu'arsa. Bulus ya faɗa wa Korantiyawa cewa bai hana su hulɗa da mutanen duniya ba, har ya yarda su amsa gayyatar cin abinci a gidan marar bi (1 Korantiyawa 5:9-10, 10:27). Saboda haka kwanon abincin da yake ƙetare katanga ranar Sallah, ya dawo cike ranar Kirsimeti, zuwa gaisuwar mutuwa, ciniki, aikin gayya, duk waɗannan ado ne ga mai bi. Iyakar tana nan ne inda hulɗar ta nemi mutum ya sallama abin da na Almasihu ne kaɗai: sujadarsa, gaskiyarsa, jikinsa, da tarbiyyar 'ya'yansa.

3.0 Ƙofofin da Yake Shigowa

A shekara ta 250 Sarkin Rum Disiyus ya ba da doka cewa kowa a daular ya miƙa hadaya ga alloli a gaban hukuma, a ba shi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu a Masar, suna nan har yau. A birnin Kartej, wanda yake ƙasar Tunisiya ta yanzu, Kiristoci da yawa suka fāɗi. Waɗansu suka yi hadayar. Waɗansu kuma suka nemi hanyar tsakiya: suka ba ma'aikata toshiya aka rubuta musu takardar ba tare da sun yi hadayar ba, suna ganin sun tsira da rai sun kuma tsira da bangaskiya. Bishop Sifiriyan, wanda shi kansa aka fille wa kai a shekara ta 258, ya rubuta littafi a kan fāɗaɗɗun a shekara ta 251. Bayaninsa shi ne cewa dogon zaman lafiyar da ya gabaci tsananin ne ya sa horo ya yi sanyi. Ya lissafa son tara dukiya, shugabannin da suka bar garke suka shiga fatauci, rantsuwar ƙarya, da ƙulla aure da marasa bi. A ganinsa dokar Disiyus ta tarar da itacen ne gara ta riga ta cinye cikinsa.

A wurinmu ina ganin ƙofofi uku.

Ta farko ita ce buƙata. Yaro ya kwanta ciwo an zaga asibiti ba sauƙi, ko aure ya shekara biyar ba haihuwa, sai wata gwaggo ta ce akwai wani mutum a ƙauye kaza, a gwada kawai. A je da dare, a dawo da ƙulli, ranar Lahadi kuma a zauna a ci Jibin Ubangiji, gicciye a wuya, laya a ƙugu. Haka mai neman aiki da ya ɓoye sunansa na baftisma, da ma'aikacin da ya sa hannu a takardar aikin da ba a yi ba don kuɗin makarantar yara.

Ta biyu ita ce kunya. Mu mutane ne masu kara, kuma kara abu ne mai kyau. Amma idan wanda ya biya maka kuɗin makaranta ya nemi 'yarka, ko ubangidanka a wurin aiki ya ce ka rufe ido a kan wani abu, karar takan zama igiya. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Ta uku ita ce sabo. Lutu ya fara ne da kafa alfarwa kusa da Saduma, daga baya aka same shi zaune a cikin birnin, daga ƙarshe yana zaune a ƙofar gari inda dattawa suke zama (Farawa 13:12, 14:12, 19:1). Abin da ya ba mutum tsoro bara, bana ya zama abin hira, baɗi shi ne zai kare shi.

4.0 Aure da Marar Bi

4.1 Shaidar Tsohon Alkawari

Maimaitawar Shari'a 7:3-4 ta hana Isra'ila auratayya da al'umman Kan'ana, ta kuma faɗi dalili: za su juyar da zuciyar 'ya'ya zuwa ga waɗansu alloli. Dalilin na sujada ne, babu ruwansa da launin fata ko kabila. Shaidar haka ita ce Rahab mutuniyar Yariko da Rut mutuniyar Mowab, baƙi ne dukansu, amma da suka rungumi Allah na Isra'ila aka karɓe su, har sunayensu suka shiga jerin kakannin Yesu a Matiyu sura 1. Ina jaddada wannan domin akwai iyaye a cikinmu da suke fakewa da waɗannan ayoyi su hana Batangale auren Bajju, ko Bahaushe mai bi auren 'yar Birom, alhali dukansu na Almasihu ne. Wannan kabilanci ne, Littafi bai goyi bayansa ba.

Sulemanu ne babban gargaɗi. 1 Sarakuna 11 ta ce yana da mata 700 da ƙwaraƙwarai 300, yawancin auren kuwa na ƙulla zumunci ne da sarakunan maƙwabta. Bai rushe Haikalin da ya gina ba. Abin da ya yi shi ne ya ƙara gina wa Kemosh na Mowabawa da Milkom na Ammonawa wuraren tsafi a kan tudun da yake gabas da Urushalima, don matansa su ji daɗin zama. Nassin ya ce da tsufa ne zuciyarsa ta karkata, wato abin ya ɗauki shekaru yana aiki a ɓoye. Mulkin ya rabu biyu a zamanin ɗansa Rehobowam. Wuraren tsafin kuwa suka tsaya kimanin shekara 300, sai a zamanin Yosiya aka rushe su (2 Sarakuna 23:13). Ginin da mutum ɗaya ya yi don ya faranta wa iyalinsa, tsara bayan tsara suka yi ta tuntuɓe da shi.

4.2 Shaidar Sabon Alkawari

A 2 Korantiyawa 6:14 Bulus ya yi amfani da kalmar Helenanci da take nufin ɗaura dabbobi biyu da ba iri ɗaya ba a karkiya guda, yana tuna dokar Maimaitawar Shari'a 22:10 da ta hana haɗa sa da jaki a huɗa. Wanda ya tashi a karkara ba ya buƙatar sharhi. Na sha tsayawa a bakin gona a farkon damina ina kallon masu huɗar shanu. Manomi kan zaɓi bijimai biyu masu tsayi ɗaya, masu ƙarfi ɗaya, ya horar da su tare tun rani. In aka yi rashin sa'a ɗaya ya fi ɗaya tsayi, karkiyar takan karkace ta zauna a wuyan gajeren, kafin azahar wuyan ya saluɓe, ƙudaje sun taru, kunyar kuma ta fito a karkace kamar tafiyar maciji. Ba lalle ne a ce ɗaya daga cikin dabbobin mugu ne ba. Haɗin ne bai yi ba.

Masana sun nuna cewa ayar ta fi aure faɗi, ta shafi duk wata ƙulla da za ta ja mai bi ga bautar gumaka. Haka ne. Amma wace karkiya ce ta kai aure matsewa? Abokin ciniki ana rabuwa da shi da yamma. Miji ko mata kuwa gado ɗaya, tukunya ɗaya, 'ya'ya ɗaya, har mutuwa. Ga kuma 1 Korantiyawa 7:39, inda Bulus ya ba gwauruwa 'yancin auren wanda take so da sharaɗi guda, ya zama cikin Ubangiji. Idan aure hoton Almasihu ne da ikkilisiyarsa, kamar yadda Afisawa sura 5 ta koyar, da wuya a zana hoton da wanda bai yarda da mai hoton ba.

4.3 Shaidar Ikkilisiyar Farko

Tartuliyan, shi ma mutumin Kartej, ya rubuta wa matarsa wasiƙa wajen shekara ta 200, inda ya zayyana rayuwar mace mai bi a gidan miji marar bi. Ya nuna cewa ranar da take azumi ita ce ranar da mijin zai kira walima, lokacin da za ta fita ziyarar matalauta aikin gida zai taso, kuma da wuya a sami mijin da zai bar matarsa ta kwana a sujadar Ista ko ta shiga kurkuku duba waɗanda aka tsare. Kusan shekara ɗari bayansa, majalisar bishop-bishop da ta zauna a Elbira ta ƙasar Sifen a farkon ƙarni na 4 ta yi doka cewa kada a ba arna 'yan matan Kirista da hujjar cewa 'yan matan sun yi yawa. Ashe kukan da muke ji a yau, cewa mata sun fi maza yawa a majami'a, tsohon kuka ne.

4.4 Halin da Muke Ciki

A Arewa muna zaune ne da maƙwabta Musulmi waɗanda suka ɗauki aure da muhimmanci a addininsu, kuma ya dace mu san ƙa'idarsu mu girmama gaskiyarta. Shari'ar Musulunci ta yarda namiji Musulmi ya auri mace Kirista a matsayinta na ma'abociyar Littafi, amma ba ta yarda mace Musulma ta auri wanda ba Musulmi ba. 'Ya'yan da aka haifa suna bin addinin uba. Bambancin addini yana hana gādo tsakanin miji da mata, sai dai abin da aka yi wasiyya da shi, wanda ba ya wuce sulusin dukiya. Miji kuma yana da damar ƙara aure har zuwa huɗu, saɓanin auren da aka ɗaura a ƙarƙashin dokar aure ta ƙasa, wanda na mace ɗaya ne. Ba a ɓoye waɗannan abubuwa suke ba, kowane malami zai faɗa maka su. Maƙwabcinmu ya fahimci cewa aure yana yanke makomar addinin zuriya, shi ya sa ya tsare 'yarsa. Abin tambaya shi ne me ya sa mu muke ɗaukar lamarin da sauƙi.

Yarinya takan ce saurayin ya yi mata alkawari ba zai hana ta zuwa coci ba. Sau da yawa da zuciya ɗaya ya yi alkawarin. Amma a ƙasarmu ba mutum ɗaya ake aure ba, gida ake aure. Akwai uwar miji, akwai dangi, akwai ranar suna, akwai ranar da yaro zai isa shiga makarantar allo. Alkawarin da aka yi a zaure lokacin zance ba shi da ƙarfin da zai tsaya wa waɗannan duka.

Kada kuma mu ɗauka marar bi sai wanda yake wajen coci. Akwai mai suna Bitrus ko Istifanus, da katin baftisma a aljihu, wanda bai san Almasihu ba, dare a mashaya, safiya wurin boka. Akwai wanda yake fara zuwa sujada wata uku kafin ya kai gaisuwa, ya daina mako biyu bayan biki. Ikkilisiyar da ta hana na waje ta ɗaura wa wannan aure ba bincike, ta rufe taga ne ta bar ƙofa a buɗe.

5.0 Wanda Yake Biyan Bashin

Yehoshafat sarkin Yahuza mutumin kirki ne, amma ya ƙulla surukuta da gidan Ahab, ya aura wa ɗansa Yehoram Ataliya. Bayan shekaru, wannan Ataliya ta tashi ta karkashe 'ya'yan sarauta, ta yi mulki shekara 6. Da Yehosheba ba ta ɓoye jariri Yowash a Haikali ba, da an yanke zuriyar Dawuda a wannan reshe (2 Sarakuna 11). Yehoshafat ya mutu da sunansa mai kyau, jikoki da tattaɓa-kunne ne suka biya.

Nehemiya kuma, da ya koma Urushalima, ya tarar da 'ya'yan irin wannan aure rabinsu suna magana da harshen Ashdod, ba su iya harshen Yahuza ba (Nehemiya 13:23-24). Damuwarsa ita ce yaron da bai ji harshen da ake karanta Shari'a da shi ba ya yanke daga alkawari. Mu an ba mu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, amma akwai jikokin masu bishara da ba su taɓa jin an karanta shi a tsakar gidansu ba.

Wata rana na je gaisuwar rasuwa a wani gari, sai wata mata ta ja ni gefe. Na san ta tun tana budurwa, ita ce take riƙe da tulun kiɗa a zumunta. Ta ce, "Baba, ka gane ni?" Na ce na gane ta. Mijinta mutumin kirki ne, ta ce, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai rage ta da ci ko sutura ba. Sai ta ce Littafinta da Littafin Waƙoƙinta suna ƙasan akwati, a naɗe cikin tsohon zane, takan fito da su in gida ya yi shiru. 'Ya'yanta biyar, ba ko ɗaya da ta taɓa durƙusawa tare da shi. Ta ce, "Baba, ba abin da na rasa, sai wanda zan ce Amin tare da shi." Ban sami abin da zan faɗa mata nan take ba, sai muka sunkuyar da kai muka yi addu'a a bayan rumfar makoki.

6.0 Hujjojin da Ake Kawowa

Hujjar da aka fi ji ita ce, "Zan jawo shi ga Ubangiji." Akan kawo misalin Monika, mahaifiyar Agustin na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wadda mijinta ya karɓi baftisma gab da mutuwarsa, ɗanta kuma aka yi masa baftisma a Milan a shekara ta 387. Labarin gaskiya ne, muna kuma gode wa Allah dominsa. Amma Monika aurar da ita aka yi, kuma ta sha hawaye na shekaru masu yawa kafin ta ga amsa, ta rasu a shekarar da aka yi wa ɗan baftisma. Alherin da Allah ya nuna wa wadda ta tsinci kanta a rami bai zama izinin tsalle cikin ramin ba. Bulus kansa ya bar tambayar a buɗe, ko mace za ta ceci mijinta ko a'a (1 Korantiyawa 7:16). Wanda yake tsaye a bakin rijiya yana jan na ciki, nauyi yana taimakon na ƙasa ne.

Hujja ta biyu ita ce shekaru sun ja, masu bi ba su fito ba. Wannan ciwo ne na gaske, bai kamata a amsa shi da tsawa ba. Macen da ta kai talatin da biyar a gidan iyaye, ƙannenta suna zuwa da goyo, ta san abin da take ji a kowane biki. Amsarta tana wuyan ikkilisiya, kamar yadda zan nuna.

7.0 Waɗanda Suka Riga Suka Shiga

Koyarwar manzanni a fili take. Idan marar bi ya yarda ya zauna, mai bi kada ya nemi rabuwa, auren aure ne, 'ya'yan kuma ba ƙazantattu ba ne (1 Korantiyawa 7:12-14). Bitrus ya shawarci irin waɗannan mata su rinjayi mazansu da hali fiye da yawan magana (1 Bitrus 3:1-2). Timoti ɗan irin wannan gida ne, uwarsa Bayahudiya mai bi, ubansa Bahelene, amma uwa da kaka suka shuka masa Littattafai tun yana ƙarami. Saboda haka matar da na ambata 'yar ikkilisiya ce har yanzu. Horo, inda ya zama dole, don maidowa ake yinsa. Ikkilisiyar da ta sa mutum a ƙarƙashin horo sannan ta share ƙafa daga gidansa, ta ƙarasa aikin da raba ƙafa ya fara.

8.0 Kason Ikkilisiya da Shawarwari

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mun tsawwala aure har ya gagari samarinmu: sadaki mai nauyi, akwatuna, anko, ɗakin taro, abincin ɗaruruwan mutane. Saurayi mai bi yana tara kuɗi shekara bakwai, wani ya zo da mota ya ɗauke yarinyar cikin wata biyu. Mun yi shiru a kan zance da soyayya a bagade, muka bar wa waya da Facebook tarbiyyar. Mun kuma nuna bambanci, 'yar talaka a hore ta, 'yar mai ba da babban baiko a kau da kai. Don haka nake ba da waɗannan shawarwari:

Na ɗaya, a fara koyar da batun aure tun daga ajin baftisma da zumuntar matasa, kafin zuciya ta kamu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, majalisun ikkilisiya su zauna da iyaye su rage tsadar aure, fastoci da dattawa su fara nuna misali da auren 'ya'yansu.

Na uku, a kafa asusun taimakon 'yan mata marayu da marasa galihu a karatu da sana'a, domin yunwa da kuɗin makaranta kada su zaɓa musu miji.

Na huɗu, a buɗe hanyar saduwa tsakanin matasan ikkilisiyoyi da kabilu dabam-dabam, a daina hana aure saboda yare ko ɗarika.

Na biyar, binciken kafin aure ya wuce duba kati, a tambayi rayuwar mutum a unguwarsu da wurin aikinsa.

Na shida, zumuntar mata ta ɗauki nauyin ziyartar 'yan'uwan da suke auren marasa bi, cikin ladabi da sanin mazajensu, a kuma girmama marasa aure a ba su hidima, kada a riƙa kallonsu kamar waɗanda suka rage a kasuwa.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa raba ƙafa ƙari ne ake yi a kan Ubangiji, yana shigowa ta buƙata da kunya da sabo, kuma a aure ne yake kafa saiwar da take kai wa ga jikoki. Ta nuna cewa ƙaunar maƙwabci da tsare karkiya ba sa karo da juna, mai bi yana iya zama maƙwabcin da unguwa take alfahari da shi ba tare da ya miƙa bagaden gidansa ba. Waɗanda muka ambata a farko an tambaye su sau ɗaya, a fili, suka amsa. Yawancinmu ba za a yi mana irin wannan tambaya ba. Tamu za ta zo ne a ofis, a bakin gadon marar lafiya, a zaure da yamma, cikin murya mai taushi, daga bakin wanda muke jin nauyinsa. Aikinmu na makiyaya shi ne mu shirya 'ya'yanmu su gane ta in ta zo, mu kuma sauƙaƙa musu hanyar biyayya, domin ranar da wani fasto zai buɗe littafin baftismar da muke rubutawa yau, ya tarar da masu sunayen a zaune, da 'ya'yansu a gefensu.

 Ubangiji ya tsare garkensa.